Wai Sai Garin Da Kifin Baba Ke Sauka Zan Yi Karatu

Gwaggo Kande, don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin kaina ya rabe biyu. Na daɗe ina karanta filin nan naki ina dariyar matsalolin mutane, yau ga shi ni ma an kawo ni layi.

Ni yarinya ce daga Wara, ƙasar Ngaski ta masarautar Yauri, a bakin tafkin Kainji. Babana masunci ne, yana da jirage masu inji, Inna kuma ita ke bandar kifin da aka kamo. Na gama sakandare, sakamakona ya yi kyau, har lissafi da fiziks da ake tsorata yara da su na ci. Abin da nake so tun ina ƙaramin aji shi ne karatun injiniyan lantarki. Kar ki tambaye ni dalili. Ki zo kawai ki zauna a bakin ruwan da ake cewa shi ke ba ƙasa wuta, ki ga mu mutanen bakinsa muna bin layi a shagon mai cajin waya, za ki gane da kanki.

Baba ya yarda in ci gaba da karatu, kuma wallahi na gode masa, don a unguwarmu ba kowane uba ke yin haka ba. Amma ya kafa sharaɗi. Makarantar ta kasance a cikin jihar Kebbi, kuma bana kaɗai zai biya mini rajistar JAMB. In na samu, na samu. In na tsaya jan rai har aka rufe rajista, to ga murhun banda nan kusa da na Inna, shi ba ya tambayar sakamakon jarabawa. Yanzu haka ƙawayena duk sun je Yalwa wurin rajista sun danna yatsa sun dawo, ni ina nan zaune, domin gidanmu ya koma majalisar tantance manyan makarantun jihar Kebbi. Bari ki ji manyan masanan da ke cikinta.

Yaya Sulaiman, wana, wanda ke tuƙa ɗaya daga cikin jiragen Baba, shi ne wakilin jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi a gidanmu. Hujjarsa ɗaya ce tak, wai duk abin da aka ce na tarayya ne ya fi na jiha. Na tambaye shi ko ya san ana koyar da abin da nake so a can. Ya ce wannan ƙaramar magana ce, in na shiga ai sai in karanta duk abin da na tarar. Haka dai ake shiga kasuwa a sayi duk abin da aka tarar a bakin ƙofa.

Kawu Maikuɗi, ƙanen Inna, shi kuma Argungu ya riƙe, kuma bincikensa ya fi na kowa zurfi, tunda har ruwa ya shiga. Wai a can akwai gulbi, kuma ɗan bakin ruwa in ya daɗe bai ga gulbi ba jininsa bushewa yake yi. Na ce masa Kawu, kwalejin horon malamai ce fa a can, ni kuwa ba koyarwa nake so ba. Sai ya ɓata rai, ya ce ko ba komai ai zan riƙa kallon bikin kamun kifi. Ni da na buɗe ido cikin ƙarnin kifi, ni da ko sabulu uku na yi wanka da su ƙawayena a aji sai sun san sana'ar gidanmu, abin da ya rage mini a duniya shi ne in ɗauki akwati in tafi kallon mutane suna kama kifi.

Inna ba ta wahalar da kanta da hujja ba. Ta ce ga kwaleji nan a Yalwa, in je in dawo ƙarshen mako in taya ta juya kifi a murhu. Ita dai ba na jin haushinta sosai, don ba ta yi mini kwana-kwana ba. Jami'ar noma ta Zuru kuwa ba a ma bari ta shigo zauren ba, wai in noma nake so ga gonar shinkafar Baba nan ba ta neman digiri.

Duk waɗannan surutu ne kawai, maganar da ke aiki ita ce ta Baba, kuma Baba ya ce Jega. Bari in yi miki bayani, don na san ku mutanen birni ba lallai ku san wannan ba. A wajenmu mai kifi ba ya aika kaya garin da ba shi da mai masauki. Mai masauki shi ke karɓar kwalayen banda daga hannun direba, ya sayar, ya aiko da abin da aka samu. In ka je garin, a zaurensa za ka kwana. In rigima ta tashi, shi zai tsaya maka. Garin da ba ka da irin wannan mutum, a wajen Baba daji ne, ko da an shimfiɗa masa kwalta har cikin ɗakuna. To mai masaukin Baba, Alhaji Ɗanbaba, a Jega yake, kuma tun ba a haife ni ba kifinmu ke sauka a hannunsa. Ranar da direban motar kifi ya faɗa wa Baba cewa akwai kwalejin koyon aikin lafiya a Jega, ranar bincike ya ƙare. Inda kwali ke sauka, nan ɗiya za ta sauka.

Na ce ni ba zan iya aikin asibiti ba. Gwaggo, ko allurar rigakafi aka zo yi wa ƙannena, bayan ɗaki nake komawa. Bara da ƙugiya ta shige hannun Yaya Sulaiman, shi aka cire wa ƙugiya, ni aka yayyafa wa ruwa. Da na tuna musu wannan sai duk gidan aka kwashe da dariya, wai yarinyar da ke feɗe tarwaɗa cike da kwando kafin rana ta yi zafi ita ce za ta ce tana tsoron jini. Wato a ilimin gidanmu mutum da tarwaɗa duk abu ɗaya ne, bambancin kawai shi mutum yana iya kai ƙara.

Har an gama tsara mini rayuwa ba tare da an wahalar da ni ba. Zan zauna a gidan Alhaji cikin iyalinsa. Garin tuwo da sabulu za su riƙa zuwa mini a motar kifi, in ina da saƙo in ba direba. Yaya Sulaiman ma ya ƙara da cewa tunda ina can, sai in ɗan riƙa leƙa kasuwa in ga yadda ake sayar da kayanmu. Ɗaliba da safe, 'yar sandan ciki da la'asar. Kin ga ai zan fito da takardar shaida biyu.

Ni zuciyata tana jami'ar jiha ta kimiyya da fasaha da ke Aliero. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban taɓa zuwa ba, ni da ko Yalwa ban taɓa wucewa ba. Amma na ga hotunanta a wayar ƙawata Zulai'atu. Na ga ƙofar shiga, na ga ɗalibai da fararen riguna a ɗakin gwaji, kuma sunan ma kaɗai ya isa ya gaya maka ba wasa ake yi a can ba. Sannan jami'a ce. Ba na so in sha wahalar shekaru in dawo Wara a ce kwaleji na yi, alhali ɗiyar maƙwabtanmu, wadda bakwai sau takwas sai ta ƙirga da yatsu, ana ce mata 'yar jami'a.

Da na ambaci Aliero, Baba bai ko kalle ni ba. Ya juya ya tambayi Kawu ko muna da kowa a can. Kawu ya ce shi dai albasarsu kawai ya sani, kuma ya ji ana cewa can ne kan hanyar Sakkwato. Jin Sakkwato sai Inna ta dafe ƙirji ta fara salati. Baba ya ce to an rufe wannan maganar, ba zai jefa ɗiyarsa inda in abu ya faru bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Tun ranar ba mu yi doguwar magana da shi ba. Ina gaishe shi, ya amsa, ya ci gaba da ɗinkin tarunsa. Raina a ɓace yake, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina sonsa, na san ba mugunta yake yi ba, amma ina kallo za a ɗauki rayuwata a ɗaure ta da igiyar kwali. Na yi kuka har na gaji. Zulai'atu ta ce in daina wahalar da kaina, in ce na yarda, in bi Yaya Sulaiman zuwa Yalwa, in mun isa wurin rajista in sa a rubuta mini Aliero a ɓoye, tunda Baba ba ya karanta boko, shi kuma Yaya zai tsaya waje yana cinikin waya. Ta ce in takardar samun gurbi ta fito ai dole a haƙura. Wani lokaci sai in ji shawarar ta kwanta mini, wani lokaci kuma in ji ba zan iya yi wa Baba haka ba.

Abin da nake roƙonki shi ne ki rubuta ƙarara, a cikin manyan makarantun jihar Kebbi wacce ta fi, in sa a karanta wa Baba a gaban kowa. Yana girmama abin da aka buga a jarida fiye da abin da ya fito daga bakin ɗiyarsa. In kuma shawarar Zulai'atu ce mafita, ki gaya mini. Rajista ta kusa rufewa, murhun banda kuma yana ta yi mini murmushi.

Ɗiyar Masunci, Wara.

AMSAR GWAGGO KANDE

Ɗiyata, sannu da fama. Na yi dariyar majalisar gidanku har na share ƙwalla. Amma kafin ki ji daɗi, ki jawo kujera ki zauna a cikinta, don ke ma cikakkiyar 'yar majalisa ce. Wanki ya zaɓi makaranta don suna, kawunki don gulbi, babanki don kwalin kifi, ke kuma injiniyar gobe kin zaɓa don hoton ƙofa da farar riga, da kuma don kar ɗiyar maƙwabta ta fi ki. A cikinku duka, babanki ne kaɗai ya san wani abu guda na gaskiya game da garin da ya zaɓa.

Kin ce in rubuta wacce ta fi. Ba zan rubuta ba, domin makarantun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Jami'a, ta tarayya ce ko ta jiha, digiri take bayarwa. Poli, irin ta tarayya da ke Birnin Kebbi da ta jiha da ke Dakingari, difloma take bayarwa, kuma an san poli da sa ɗalibi ya riƙe wayar wuta da awartaki da hannunsa. Kwalejin horon malamai malamai take fitarwa, ta lafiya kuma ma'aikatan lafiya. Kowacce tana da 'ya'yan da suka fito suka riƙe kansu da iyayensu. Ki daina yi wa kalmar kwaleji kallon raini. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, ɗan kwalejin ne zai tsaya a kanki, ba za ki tambaye shi hoton ƙofar makarantarsu ba.

Wanda zai kwatanta makarantu daga fannin da yake so yake farawa. Ke kin ce lantarki. To ki ari wayar Zulai'atu, a wannan karon don aiki. Ki duba a bayanan JAMB waɗanne makarantun jihar ne ke koyar da shi bana, kuma ko hukumar da ke sa musu ido ta amince da fannin. Ki duba darussan da suke nema a jarabawa, da makin da suka tsaya a kai bara, da abin da ake biya, ko aljihun Baba zai ɗauka har ƙarshe ba shekarar farko kaɗai ba. Ki tambaya ko akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata. Sannan ki nemi wata 'yar ƙasar Yauri da ta kwana biyu a makarantar, ki tambaye ta ruwa da wuta da malamai. Ba na rantse miki cewa Aliero za ta ci wannan jarabawar ba, ke za ki duba. Kuma tunda rajistar tana ba mutum damar zaɓi fiye da ɗaya, ki sa poli a gurbi na gaba, kar ki bar shi don girman kai.

Yanzu ga inda nake so in ja kunnen gidanku gaba ɗaya. Aliero maƙwabciyar Jega ce. Motar da ta tashi daga Jega ta kama hanyar Sakkwato, fasinja bai gama gyara zama ba za a ce ga Aliero. Kawunki bai yi ƙarya ba da ya ce kan hanyar Sakkwato take, sai dai ya bar Inna ta dafe ƙirji a banza. Ku mutanen ruwa kun san kowane tsibiri da kowane lungu na tafki ko ido a rufe, tudu kuwa kun bar wa direba. Kuna ta ɓata wa juna rai, an daina hira a gida, ke har da kuka, a kan garuruwa biyu da ake zuwa ɗaya daga ɗaya a dawo kafin tuwo ya huce. Ke da kika ci fiziks ma ba ki buɗe taswira ba.

Ma'ana, dokar babanki ba ta hana ki Aliero ba. Abin da dokar ke nema shi ne mutumin da zai tsaya miki, wanda za a kira ya iso da wuri. Alhaji Ɗanbaba zai iya wannan daga Jega. Garin tuwonki ma zai iya bin motar kifin kamar yadda aka tsara, a ƙarasa miki da shi. Ke kuma ki kwana a makaranta cikin 'yan uwanki ɗalibai, ki huta da aikin 'yar sandan ciki, wanda dama ba zai haifar da komai ba sai ɓata amanar da ta girme ki.

Shawarar Zulai'atu kuwa ki mayar mata da kayarta. Yau za ki ci nasara, ranar da takarda ta fito kuma ki rasa abu mafi tsada da kike da shi, wato uban da ya yarda da ke a unguwar da kika ce ba kowa ke yarda ba. Wanda aka yaudara saboda bai iya karatun boko ba ba ya mantawa, kuma ƙannenki mata ne za su biya bayan kin tafi. Haka nan kar ki sa a karanta masa wannan shafin a gaban mutane. Kin yi kuskure da kike zaton jarida zai fi yarda da ita. Mutumin da ya riƙe masa amana tun ba a haife ki ba, shi zai yarda da shi.

Saboda haka ki bi ta wajen Inna. Ki fara kwantar mata da hankali a kan maganar Sakkwato, sannan ku roƙi Baba ya kira Alhaji ya tambaye shi da bakinsa nisan Aliero daga ƙofar gidansa, da kuma ko zai karɓi amanar ɗiya kamar yadda yake karɓar ta kaya. In da hali, Baba ya bi motar kifi ta gaba, ke ma ki bi shi, Alhaji ya kai ku ku ga makarantar da idonku. Ki bari maganar ta fito daga bakin Alhaji, ke ki yi shiru, ko da shirun zai yi miki wuya, kuma daga wasiƙarki na ga zai yi.

In an yi duk wannan Baba ya ce shi dai Jega, kar ki yi fushin da zai mayar da ke murhu. Irin waɗannan kwalejoji galibi suna da fannonin da ba ruwansu da allura ko rauni, kamar kula da bayanan marasa lafiya da tsaftar muhalli. Ki tambaya. Ba shi kike so ba, na sani, kuma zai yi miki ciwo. Amma mai takarda a hannu tana iya sake neman hanya nan gaba, kuma muryarta a gida ba ɗaya take da ta yau ba.

Abu na ƙarshe, kuma a nan na daina tsokana. Ke 'yar ƙasar Yauri ce. Kin san abin da ya faru a makarantar kwana ta Birnin Yauri a 2021, lokacin da aka kwashe ɗalibai, kin kuma san yadda iyaye suka yi ta zaman jira. Ke kina ƙarama a lokacin, babanki kuwa uba ne mai 'ya'ya mata, kuma a kusa da shi aka yi. Tun daga nan iyayen ƙasarku ba sa jin kalmar makaranta nesa da gida yadda sauran mutane ke jin ta. Duk da haka mutumin nan ya ce ki tafi. Bai san bambancin digiri da difloma ba, sai ya ɗauko hanya ɗaya da ya sani ta tsare abin da yake ji da shi, ya ɗora ki a kai. Kin ji haushi an haɗa ki da kwali, amma shi tsoro ne ke cinsa, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

Ki je ki zauna kusa da shi yau, kar ki jira gobe. Kafin ki ambaci sunan kowace makaranta, ki gaya masa kin gane abin da yake tsoro, domin na tabbata tun da aka fara rigimar nan babu wanda ya faɗa masa haka. Allah ya ba ki gurbin da zai amfane ki, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, shi kuma ya ba shi barci mai daɗi duk tsawon shekarun da ba kya gida.

Gwaggo Kande